Ranar da Dapir Ta Yar da Kallabinta

Da jirgi ya sauka na ɗauka Jidda muka iso, har na fara salati a raina. Haka dillalin da ya yi mini takardu a Birnin Kebbi ya faɗa: aikin gida kusa da Makka, shekara biyu, in Allah ya so har in sauke farali kafin in dawo. Sai da muka fito na ɗaga kai, na haɗa baƙaƙen da ke saman ƙofa ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, na ga an rubuta Erbil. Ban taɓa jin sunan ba. Daga baya na san arewacin Iraƙi ne, ƙasar Kurdawa, kuma tsakaninta da Makka tafiya ce mai nisa.

Sunana Hauwa'u, Kulu ake ce mini. 'Yar Zauro ce ni, turara shinkafa ita ce sana'ata tun ina budurwa. Mijina ya rasu, damina ta biyo baya ruwan Rima ya kwanta a fadamarmu ya tafi da komai. 'Ya'yana uku na kai su Argungu wurin yayana Garba. Babbarsu Nafisa, shekararta sha huɗu a lokacin.

Tun a filin jirgi wani mutum ya karɓi fasfona ya ce za a buga hatimi. Daga nan aka kai ni wani ɗaki a saman bene, na tarar da mata kala-kala, babu mai jin Hausa. Sanyi ya shiga ƙashina, ni kuwa da silifas na zo. Wata 'yar ƙaramar mata mai ƙananan idanu ta dubi ƙafata, ta cire safarta ta miƙo mini. Har yau ban san sunanta ba, ban san ƙasarsu ba. Kwanana tara a ɗakin nan. Mutane su shigo su dube mu su nuna da yatsa, wadda aka nuna ta ɗauki jakarta.

Wanda ya nuna ni sunansa Kak Salih. Kak ɗin kamar a ce Malam ne ko Yaya a wurinsu. Na ga an miƙa masa fasfona ya sa a aljihu. Muka yi ta hawan duwatsu a motarsa, ni da ban taɓa ganin tudun da ya wuce na bakin Dukku a Birnin Kebbi ba. Can da muka gangara wani kwari na leƙa ta taga, sai ga shinkafa, kore shar, ruwa na kwance a ƙarƙashinta. Warin taɓo ya shigo motar. A nan na yi kukana na farko. Kak Salih ya waiwayo ya ɗauka yunwa ce, ya miƙo mini gurasa.

Aikina shi ne kula da mahaifiyarsa, tsohuwa da ɓarin jikinta ya shanye. In juya ta, in yi mata wanka, in ba ta abinci. Gaskiya ba a taɓa dukana a gidan ba, ba a hana ni ci ba, ranar Juma'a kuma a ba ni waya in kira gida. Tsohuwar ce dai ba ta son abinci, duk abin da surukarta ta kawo sai ta tofar. Rannan na daka shinkafa na dama mata kunu irin namu, na sa nono mai tsami, na zauna ina ba ta ina yi mata hira da Hausa. Ta shanye. Tun daga ranar ba ta ƙara buɗe baki ga kowa ba sai ni. Na yi murna, ban san igiya nake tufka wa ƙafata ba.

Shekara biyu ta cika, na sami Kak Salih na ce ina son fasfona. Ya ce bayan girbi. Girbi ya wuce, ya ce bayan sanyi. Ƙanƙara ta narke na sake komawa, sai ya faɗa mini gaskiya, kansa a ƙasa.

"Uwata ba ta ci sai daga hannunki. In kin tafi kin kashe ta."

Na ce, "Ni ma ina da 'ya'ya."

Ya ce, "Su suna cin abinci."

Juma'ar nan da na kira, Nafisa ta ce, "Inna, shekara biyu anka ce. Ko can shekararsu ba ɗai take da tamu ba?" Na yi dariya don kada ta ji wani abu. Sai ta ce, "Auta ya bar tambayarki, Inna. Da kullum sai ya tambaya." Na ce mata waya na yankewa, na kashe da hannuna.

A daminar nan ta uku na san Zozan.

Lokacin dashe Kak Salih kan kwaso ma'aikata daga sansanin 'yan gudun hijira da ke bayan dutse. Su ma Kurdawa ne, amma na Siriya, yaƙi ya koro su. Ni nake kai musu shayi gona da hantsi. Ranar na ajiye buta, na tsaya ina kallon wata yarinya doguwa siririya tana dasa shinkafa, tana cusa ta can cikin taɓo kamar mai binne gawa. Ban iya haƙuri ba. Na naɗe zanena na shiga ruwan, na karɓi damin na nuna mata: yatsa biyu, a taɓa ƙasa kawai, a saki. Na yi mata bayani da ɗan Larabcin da na kwaso a Islamiyya da wanda na tsinta a gidan.

Ta tuntsire da dariya. "Khala, kina magana kamar liman a kan mumbari!"

Khala na nufin inna, 'yar'uwar uwa. Tun daga nan haka take kirana. Shekararta sha shida, sa'ar Nafisa. Bakinta ba ya shiru, kuma ba ta tsoron kowa.

"Ke wane yaƙi ne ya koro ki?" ta tambaye ni.

Na ce, "Ruwa."

"Garinku yana nan?"

"Yana nan."

"Gidanku yana tsaye?"

"Da na baro shi dai yana tsaye."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To ke mahaukaciya ce? Me kike yi a nan?"

Na ce fasfona na cikin akwatin mai gida. Ta bar dariya. Ta ce, "Takarda. Ko'ina takarda."

Labarinta ba rana ɗaya ta ba ni ba, guntu-guntu ne, a bakin kunyar gona muna shan shayi. Garinsu na bakin iyaka. Tana 'yar shekara sha ɗaya aka fara ruwan wuta a kansu. Suka fito da tsakar rana, ita da iyayenta da kakarta. Sun yi nisa babanta ya tuna ya bar tumaki a ɗaure, ya ce ba zai bar dabba ta mutu a turke ba, ya koma ya kwance su. Bai dawo ba. Suka zauna a wata makaranta a wani gari, ɗaki ɗaya gida shida, an raba da barguna. Nan ma yaƙin ya iske su. A hanya ta biyu mahaifiyarta ta kwanta da ciwon ƙirji, aka binne ta a gefen gonar wani mutum da ba su sani ba. Zozan ta ce ta ƙirga bishiyoyi daga titi zuwa kabarin don kada ta manta, amma ta ji an ce an sare su duka an yi itace. Ita ta riƙo hannun kakarta suka haye kogi. Tun daga nan tanti. Sau uku tana shiga aji ɗaya, sau uku ana fitar da ita.

Ba ta yin kuka in tana faɗa. Ni ke yi, sai ta ce, "Khala, kina tsinka mana shayi."

Ma'aikatan nan ba kuɗi ake ba su duka ba, ana ba su rabo cikin amfanin gona, da shi suke cin sanyi. A shekarar an yanke shinkafa an shanya ta bushe ƙarau, sai ruwan bazata ya sauko ya jiƙe wadda ke fili, rana ta sake fitowa ta gasa ta. Duk wanda ya san shinkafa ya san abin da ya faru: ƙwayar ta tsattsage a cikin ɓawonta. Mai kula da gonar ya shigar da mai kyau rumbu, ya auna wa 'yan sansani wadda ruwa ya doka.

Zozan ta same ni a bayan gida ina shanya kayan tsohuwa. Ta buɗe tafin hannunta.

"Dubi. Buhu ɗaya muka kai inji. Wannan shinkafa ce ko abincin kaji?"

Tsaki ne zalla, rabinsa ma ya bi iska da ɓuntu. A ranar na fara ganin idonta ya yi ja.

Na ce, "Saura buhu nawa?"

"Huɗu."

"Kada ku sake kai ko kwano ɗaya inji. Kawo mini ita da ɓawonta."

Su ba su turara shinkafa. Amma suna da wasu manyan tukwanen tagulla da suke dafa alkama a ciki su shanya a saman ɗaki, shekara-shekara. Na roƙi matar gidan ta ara mini biyu, ta ce in dai ba zan ƙona mata gindinsu ba. Washegari Zozan ta zo da buhunan a bayan a-kori-kura, tare da kakarta, wadda kowa ke kira Dapir, wato kaka. 'Yar guntuwar tsohuwa ce, da farin kallabi mai laushi da ba ta rabuwa da shi. Ta zauna a kan dutse ta harɗe hannu.

"Me take cewa?" na tambayi Zozan.

"Ta ce shekara saba'in tana cin shinkafa, ba ta taɓa ganin an dafa ta sau biyu ba. Ta ce in kin lalata mana, a tantinmu za ki kwana ki ji yadda yunwa take."

Na ce, "Gaya mata na yarda."

Muka wanke shansherar, wato shinkafar da ɓawonta, ƙaiƙayi ya taso muka kwashe. Na ɗumama ruwa har ya kai inda hannu ba ya jurewa, muka jiƙa ta ta kwana. Da safe muka tsane ta, na zuba ɗan ruwa a gindin tukunya, muka cika, na rufe da buhunan algarara. Zozan ta yi ta tura itace, tana son ta ƙara ruwa kamar yadda suke yi wa alkama, ina buge mata hannu.

"Ba dafawa ake ba, 'yar nan. Tururi ne zai yi aikin."

"To yaushe za a san ta yi?"

"Za ta buɗe baki da kanta."

"Kamar ni?"

"Ke ai ba kya rufewa."

Da ƙamshin ya tashi sai da na dafa bango, don ƙamshin tsakar gidanmu ne a Zauro. Na ɗaga buhu, ɓawon ya tsage, ga ƙwaya tana leƙe. Muka baza a tamfol muna juyawa da ƙafa, rana ta yi zafi muka ja ta inuwa. Kwana biyu ina ɗauka ina cizawa. Ranar da ta yi ƙas a haƙorina na ce su kai inji.

Da la'asar na jiyo ihun Zozan tun daga bakin titi. Ta shigo a guje da shinkafa cike da gaban rigarta, doguwa, ja-ja, babu karyayya sai ɗai-ɗai. Mai injin ma ya biyo ta yana son ya ga wadda ta yi. Washegari Dapir ta dafa ta ci, ta tauna ta tauna, ta ce tana da tauri kamar kan jikarta, amma cokali biyu ya tsaya mata a ciki har yamma.

Mako biyu ban huta ba. Duk matan sansanin da aka auna wa irin wannan shinkafa suka kawo tasu. Bayan gidan Kak Salih ya koma kamar unguwarmu da kaka, hayaƙi da tamfol da surutun mata. Kafin mu gama, Zozan na ɗaga buhu ta sansana ta ce saura kaɗan, kuma daidai ne.

Ranar ƙarshe Dapir ta kama hannuna ta yi magana. Zozan ta ce, "Tana tambayar me za su ba ki."

Na ce, "Ba komai, don Allah na yi."

Zozan ba ta fassara ba. Ta juya ta yi wa kakarta magana doguwa da yarensu, tana nuna ni, tana nuna cikin gida. Na ji ta ambaci Nafisa. Dapir ta tambayi wace rana ce yau. Aka ce Laraba. Ta ce jibi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kak Salih yakan zauna a babban ɗakin baƙi da dattawan ƙauye suna shan shayi. Mace ba ta shiga nan. Ina tsakar gida sai ga Dapir da Zozan da mata bakwai cikin waɗanda muka yi aiki tare. Zozan ta ja ni. Dapir ta cire takalmi ta shiga har tsakiyar ɗakin, mu muka tsaya a bakin ƙofa. Hira ta tsaya cak.

Ta yi magana a hankali, Zozan na raɗa mini.

"Ta ce mu mun san abin da ake nufi da a hana mutum gidansa. Mu jiragen yaƙi ne suka hana mu. Wannan baiwar Allah kuma mabuɗin akwatinka ne ya hana ta."

Kak Salih ya ce wannan maganar cikin gidansa ce, kuma rayuwar mahaifiyarsa ce a ciki. Ya ce a ba Dapir shayi.

Sai kawai na ga tsohuwar nan ta kai hannu ta kwance farin kallabinta, ta yar a gaban ƙafarsa. Kanta a buɗe, furfura da ragowar lalle, kitso biyu sirara, a gaban maza fiye da goma.

Mu a gida, ko iska ce ta ɗauke wa tsohuwa kallabi, gudu ake a rufe ta, yara su kau da kai. Na ɗauka ɓacin rai ne ya gusar mata da hankali, kuma saboda ni. Ban san lokacin da na tsallaka ɗakin na sunkuya zan ɗauko in rufa mata asiri ba. Saura kaɗan yatsana ya taɓa, Zozan ta damƙe wuyan hannuna har sai da na ji ƙashi.

"Khala! In kika taɓa shi a garin nan za a binne ki!"

"Kanta fa a buɗe!"

"Ta sani! Shi zai ɗauka, ba ke ba." Ta ja ni baya tana raɗa da sauri. "In tsohuwa ta yar wa namiji kallabi, ko wuƙa ce a hannunsa sai ya ajiye. In ya ɗauka ya yarda da maganarta. In ya bar shi a ƙasa, babu mai ƙara shan shayinsa. In wani ya ɗauke masa kuwa, shi ke nan, ya kuɓuta."

Na maƙale hannuwana a hammata don ban yarda da su ba.

Dattawan nan ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kofunansu. Babu mai kallon Dapir, kowa Kak Salih yake kallo. Wani mai farin gashin baki ya jawo sandarsa kusa, alamar zai tashi. Kak Salih ya yi gumi duk da sanyin da ake yi. Can ya ce, "Uwata fa? Wa zai ba ta abinci?"

Zozan ta saki hannuna ta matsa gaba.

"Ni. Khala za ta koya mini kafin ta tafi. Amma ni da Dapir za mu dawo ɗakinta mai murhu, kuma da safe makaranta zan je. Daga azahar ni taku ce."

Wani dattijo ya yi dariya ya ce wannan yarinya ta fi dillalan tumaki iya ciniki. Kak Salih ya durƙusa. Ya ɗauki kallabin da hannu biyu, ya sumbace shi, ya kai goshinsa, ya miƙa wa Dapir. Ta ɗaura abinta ba gaggawa, ta zauna ta ce yanzu a kawo shayin. Ya shiga ciki ya fito da fasfona. Na buɗe na ga hotona, na karanta sunana da kaina, sau biyu.

Ban tafi nan take ba. Tsohuwar gidan ta ƙi Zozan ƙememe, kwana biyu tana tofa mata kunu a fuska. Ni lallashi nake yi, Zozan kuwa ta ajiye cokali ta ce mata, "Ni na ci ciyawa a hanya, ke ana ba ki nono kina yanga?" Ban san ko faɗan ne ya yi mata daɗi ba, a rana ta uku ta buɗe baki. Takardar zamana kuma ta daɗe da mutuwa, sai da Kak Salih ya kai ni Erbil sau uku kafin a sa hannu. Bai yi mini magana a hanya ba. Ranar tafiya dai ya sa mini zuma da goro irin nasu a jaka, ya ce in yafe masa. Na yafe.

Zozan ba ta raka ni mota ba. Ta ce ta gaji da kallon bayan mutane.

Daga Abuja na shigo mota zuwa Birnin Kebbi, daga nan Argungu. Yaya Garba na zaune a ƙofar gida yana gyaran komar kamun kifi, ya dube ni ya ce, "Wa nika gani haka? Kulu, ke ta?" Nafisa ta fito da ludayi a hannu, ta fi ni tsawo. Auta ya ɓuya a bayanta, sai da yamma ya zo da kansa ya zauna a kan ƙafata.

Bayan kwana uku muka kwashi yara muka nufi Zauro. Katangar gabas ta zube, awakin maƙwabta sun mai da tsakar gidan nasu, amma ɗakina na tsaye da kwaɗonsa. Muna nan Yaya Garba na fama da kwaɗon da ya yi tsatsa, wayar Nafisa ta yi ƙara. Zozan ce a kiran bidiyo, da kayan makaranta a jikinta, Dapir na leƙowa ta bayan kafaɗarta.

"Khala, kin isa?"

"Na iso, 'yar nan."

"Nuna mini gidan."

"Babu abin gani, duk ya zube. Bari in share tukuna."

"Ban ce ki share ba. Wannan ce ƙofar?"

Yaya Garba ya sa dutse ya doke kwaɗon, ƙofa ta buɗe. Na ce wa Nafisa ta kashe wayar haka nan kada kati ya ƙare, amma Zozan ta ɗaga murya.

"A'a, ki riƙe da kyau, Nafisa, ki ja baya kaɗan. Khala, shiga. A hankali. Ina son in ga yadda ake yi."

Na cire takalmina, na yi bismilla, na sa ƙafar dama.